Shunin da Na Ƙi Wankewa

Jiya da hantsi wasu samari biyu suka tsaya a ƙofar mabugarmu a nan Zaitawa, sun kawo shadda a buga musu don ɗaurin auren abokinsu. Ina cikin aiki na ji ɗayan yana ce wa ɗan'uwansa wai ai wannan sana'a ba ta da wata wahala, duka ne kawai, ko shi aka ba icen zai yi. Ban tanka masa ba, don mai shadda abokin ciniki ne ko da bakinsa ya riga hankalinsa tashi daga barci. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ake kira bugu, in kuma faɗi shekarar da ya kusa mutuwa a hannuna, ko wani zai ji ya rage surutu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gungumen tsamiya, an binne rabinsa a ƙasa, bayansa ya sha duka har ya yi santsi kamar cikin tsohon akushi. Akwai kuma ɗan bugu, wato guntun icen ƙirya mai ƙaton kai da mariƙi, wanda muke duka da shi. Duk mai ganin abin wasa ne ya zo ya ɗaga shi da hannu ɗaya yana saukewa daga hantsi zuwa azahar, gobe in ya iya kai loma baki sai mu yi magana. Kuma nauyin ba shi ne wuyar ba. Mutum biyu ne ke zama, gungume a tsakani, kowa yana fuskantar ɗan'uwansa. Nawa yana sauka nasa yana tashi, hannun hagu kuma yana jan yadin kaɗan-kaɗan. In ka yi gaggawa ice ya haɗu da ice. In ka karkace, yatsun abokinka ne a ƙarƙashin icenka.

Aikin farko da Baba Tanko, maigidanmu, ya ba ni shi ne fesa ruwa. Ka cika bakinka da ruwa, ka fesa a kan yadi ya sauka kamar raɓa, ko'ina daidai. Na daɗe a kan wannan kaɗai, ba a bar ni na taɓa ɗan bugu ba. In ruwan ya fita gudaji ya jiƙa wuri ɗaya, Baba Tanko ba ya zagi, ba ya duka. Sai ya miƙo maka yadin ya ce, "Je ka shanya, muna jiran ka." Duk mabuga ta tsaya cak, manya su naɗe hannu suna kallon ka kana tsaye a rana. Gara a mare ka sau goma da wannan kallon.

Da ya ga na isa zama, sai ya zaunar da ni gaban Inuwa, wani siririn saurayi ɗan Shahuci mai yawan shiru. Ba mu yi wata guda ba Inuwa ya fasa mini farcen babban yatsa. Bai warke ba ni ma na fasa nasa. Baba Tanko ya duba yatsun biyu ya ce, "Madalla, yanzu kun zama 'yan'uwa." Daga nan hannunmu ya zama ɗaya. Ba ma magana in muna aiki, ba ma ma kallon juna. In Inuwa ya kwana da damuwa a sautin icensa nake ji, shi ma haka yake gane tawa.

Baba Tanko ya rasu ya bar mana mabuga, ya kuma bar mana abokin ciniki ɗaya da ya fi kasuwa guda. Sunansa Sidi, Balaraben Muritaniya ne, dogo, mai Hausa a karye amma ba ya ɓata lissafi da ita. Duk shekara bayan kaka yake zuwa, a zaurena yake sauka, ya kafa ɗan gawayinsa da butar shayi, unguwa ta san baƙo ya iso. Abin da yake saye dogayen mayafai ne na matan ƙasarsu. Farin yadi mara kauri muke saye, mu kai wa marina su tura shi har ya kusa zama baƙi. In ya dawo sai mu kwaɓa garin shuni da kitsen akuya da ɗan ruwa, mu shafe yadin, mu ninke, mu hau bugu. Muna bugu muna ƙara shuni, har ya ɗauki ƙyalli irin na wuyan tantabara. Sannan a ninke shi tsaf a naɗe a takarda, kada iska ta sha shi.

To ga abin da mutumin Kano ba ya ganewa. A nan in ka sayi yadi ya zuba maka a jiki, cewa za ka yi an cuce ka. A can kuwa zubar ita ce kuɗin. Sidi in zai gwada aiki, gogawa yake yi a bayan hannunsa. In fata ba ta koma shuɗiya ba sai ya ture ya ce, "Wannan babu rai." Matansu suna son shunin ya hau fatarsu, ado ne a wurinsu, kuma sun ce yana kare su daga zafin rana. Saboda haka mu duk ƙwarewarmu a kan cusa shuni take, yadda zai yi ƙyalli kuma ya daɗe yana zuba. Ba mu kaɗai ke ci a wannan ciniki ba. Marina suna ci, matan da ke daka mana shuni a cikin gidaje suna ci, mahaucin da ke tara mana kitse yana ci, har masu kura da ke kai kaya tasha.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka ba farar hula mulki, kowa a garin nan sai murna, wai yanzu kasuwa za ta buɗe, arziki zai shigo har ta taga. Ba a daɗe ba, wata safiya muna cin ƙosai, rediyon Inuwa ya ce ƙasar su Sidi ta fice daga ƙungiyar nan ta ƙasashen yankinmu, wadda a cikinta mutum ke tsallake iyaka da 'yar takardarsa ba sai da biza ba, kayan sana'ar hannu kuma ba a tsananta musu.

Inuwa ya ajiye ƙosai ya ce, "Garba, ka ji kuwa? Anya abin nan ba zai taɓa mu ba?"

Na ce, "Yo ina ruwan gungume da ƙungiya? Kakan Sidi da raƙumi ya zo Kano, wace ƙungiya ce ta nuna masa hanya?"

Muka ci gaba da aiki, har ma muka ƙara, don a zuwansa na ƙarshe Sidi ya ce mu ƙara. Duk abin da muka mallaka muka zuba a farin yadi da shuni. Ɗakin ajiya ya cika har bakin ƙofa. Kaka ta zo ta wuce, babu Sidi. Sanyi ya shigo ya fita, babu Sidi. Sai da zafi ya fara wani direban babbar mota ɗan Maraɗi ya yi sallama a mabuga, ya ce an ba shi saƙon baki ya kawo mana. Sidi yana gaishe mu, yana roƙon mu yafe masa. Yanzu in zai shigo ƙasar nan sai ya nemi biza, in kuma kayan sun isa iyakarsu ana yanka musu kuɗin kwastan kamar kayan baƙi. Ga shi kuma yadin kamfani mai arha yana sauka musu ta jirgin ruwa. In ya ɗauki namu, kafin ya kai gida tsadarsa ta fi ƙarfin mata.

Wato wasu manya sun zauna a ɗaki mai sanyi sun sa hannu a takarda, ba su taɓa jin sunan Zaitawa ba, amma tukunyar gidana suka sauke daga murhu. Ba tawa kaɗai ba. Marina suka rufe wasu ramukansu da tsofaffin kwanon rufi. Turmin shuni ya yi shiru a gidaje. Mahauci ya daina aiko da kitse, in ya hango ni ma sai ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Bugaggen shuni kuwa ba ya jiran kowa. In damina ta same shi a ɗaki, kitsen ya yi wari, fumfuna ta hau, ƙyallin ya dushe, shi ke nan aikin shekara ya tafi. Na kai wa Buzaye samfur, suka juya suka yaba, suka mayar mini. Su turkudi suke so, yadin shuni saƙar hannu, kuma suna da masu yi musu a garin Kura tun kaka da kakanni. Ana cikin haka wani dillalin yadi da ake kira Alhaji Mudi ya ji labari ya zo da kansa. Ya buɗe takarda ɗaya, ya taɓa da ɗan yatsa, ya duba yatsan ya yamutsa fuska.

"Malam Garba, zan kwashe duka," in ji shi, "amma da sharaɗi. A wanke mini shi tas, har ruwa ya fita fari. Wa zai bar matarsa ta yafa wannan ta zauna masa a kan kujera?"

Na ce, "Alhaji, abin da kake cewa a wanke ai shi ne aikin. In an wanke me ka saya? Tsumma mai launi."

Ya ce, "To ni tsumman nake iya sayarwa. Ku yi shawara, hadari ba ya jiran shawara."

Yana fita Inuwa ya ce mu wanke. Na ce ba da hannuna ba. Mutumin da muka yi shekara da shekaru ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar har maƙwabta suka leƙo.

"Ana ga yaƙi kana ga ƙura!" in ji shi. "Ina da bakuna a gida, Garba. Shuni za su ci? Da babu ai gara ba daɗi."

Na ce, "Ni ma ba da duwatsu nake zaune ba. Amma abin da na buga da ƙarfina ba zan zuba shi a kwata ba don wani ya fita daga wata ƙungiya. Su suka fita, ni ban fita daga sana'ata ba."

Ƙarshe dai muka raba kayan, ɗaya naka ɗaya nawa, kamar masu rabon gado. Washegari da safe Inuwa ya jera bahuna a bayan mabuga ya kawo sabulu. Ruwan wankin ya bi kwata ya gangara lungu, shuɗi har ya yi baƙi. Agwagin maƙwabta suka shiga suka fito da launi, yara suna bin su suna shewa, wata tsohuwa tana faɗa an ɓata mata ƙofar gida. Ni ina zaune a kan gungume ina kallon ƙarfin kafaɗunmu yana wucewa ta gabana. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da muka binne Baba Tanko ban ji haka ba, Allah ya yafe mini. Inuwa bai ɗago ya dube ni ba har ya gama. Ya kai wa Alhaji Mudi, ya haɗa da abin da ya samu ya sayi tsohon babur, ya koma acaɓa a Ƙofar Kabuga.

Na nemo direban nan ɗan Maraɗi na tsare shi da tambaya. Ya ce a ƙasar Mali akwai wani gari dab da iyakar su Sidi, ana cin kasuwa mako-mako, mutanen tsallake suna shigowa ran kasuwa don maƙwabta ne, ba mai hana su. Mali kuwa tana cikin ƙungiya, takardata za ta kai ni. Na ce to, inda ƙungiyar ta tsaya nan ni ma zan tsaya. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kai da kake ɓata hanya a cikin kasuwar Kurmi, kai ne za ka Mali?" Na ce ta yi mini addu'a kawai, ta bar tonon asiri. Na aika wa Sidi saƙo ta bakin direbobi, na ɗaure kayana, na hau mota.

Hanyar nan ba zan ce komai a kanta ba sai abin da ya shafi kaya. Zafi yana sa kitse ya yi gumi, saboda haka duk inda aka tsaya sai in sauke ɗaurina in kai inuwar mota, ni in zauna a rana. Duk shingen da muka isa sai an farke takarda an cusa hannu, ni kuma in sake ninkewa in naɗe. A wani shinge wani mai kaki ya dama kayan son ransa, ya ɗago ya share gumin fuskarsa da hannun. Abokan aikinsa suka dube shi suka fashe da dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Kafin ya gane abin da ya faru an ce mu wuce. Shi kaɗai ne mutumin da shunina ya ɓata wa rai a duk tafiyar, kuma ban ji tausayinsa ba.

Ran kasuwa na shimfiɗa tabarma a gefen masu gishiri, ban san kalma ɗaya ta yarensu ba. Rana ta ɗaga sai na ga dogon mutum ya tsaya a kaina. Sidi ne. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

"Malam Garba, kai ne da ƙafarka? Wallahi ni kunya. Ni ba iya ɗauka, in na ɗaure kaya na kai iyaka, su cinye ni."

Na ce, "Sidi, ban zo ƙarar ka ba. Ka faɗa mini abu ɗaya. Mace in ta yafa mayafinta ta tsallake, ana karɓar kuɗin kwastan a jikinta?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya bar ni nan ya shiga cikin kasuwa. Ba a jima ba ya dawo da mata a bayansa. Wata dattijuwa ta durƙusa ta buɗe takarda, ta kai mayafin hancinta ta shaƙa, ta yi wata magana mai tsawo. Sidi ya ce tana cewa yadin kamfani baƙo ne, kana yafe da shi bai san ka ba, wannan kuwa yana gaisawa da fata. Ta saya ta yafa nan take. Wata ta yafa biyu, ɗaya a kan ɗaya, a cikin wannan zafi. Da yamma na tsaya ina kallon su suna komawa ƙasarsu, wasu a ƙasa wasu a kan jakai, aikina yana ƙyalli a jikinsu, ba wanda ya ce musu kanzil. Kasuwa ta gaba suka zo da 'yan'uwansu. Haka na zauna har kayan suka ƙare, ko ɗaya bai ga damina a ɗaki ba. Da zan taho, waɗanda ba su da ƙarfin sayen sabo suka kawo mini tsofaffin mayafansu da suka koɗe, wai in kai Kano a sake turawa a buga, in dawo musu da su baɗi. Na karɓa.

Kada wani ya ɗauka na dawo da arziki. Hanya ta cinye ribar, abin da ya rage bai kai a faɗa ba. Cinikin kuma bai sake komawa yadda yake ba har yau. Na yi wannan tafiya wasu shekaru har gwiwa ta ƙi, ramukan da marina suka rufe ba a buɗe su duka ba, shayin Sidi bai sake tafasa a zaurena ba. Yanzu shaddar biki da ta salla ce ke riƙe da mu. Amma ban wanke ba, kuma in an sake maimaita shekarar ba zan wanke ba.

A waccan tafiyar ta farko, na iso gida an riga an yi ruwan farko. Na kai tsofaffin mayafan nan marina, aka tura, na kwaɓa shuni, na zauna gaban gungume ni kaɗai. A nan na san girman abin da na rasa. Zafin duka ne ke narkar da kitse ya shigar da shuni cikin zare, mutum ɗaya kuwa kafin ya ɗaga ya sake saukewa wurin ya huce. Na buga har kafaɗa ta ƙage, mayafi ya ƙi ɗaukar ido. Sautin ma abin kunya ne, kamar tafiyar gurgu. Mutanen lungu da suka saba jin ice biyu suna amsa wa juna, in sun zo wucewa sai su gaishe ni ƙasa-ƙasa kamar masu ta'aziyya. Na nemi wasu mabuga su aro mini hannu, amma kowa da abokin zamansa, kuma hannun da bai san naka ba yatsu kawai zai ci. Ga amanar mata a gabana, na ce zan mayar musu da ita tana ƙyalli.

Ina cikin wannan fama wata rana bayan la'asar na ji babur ya tsaya a ƙofa. Inuwa ne, ya yi baƙi, idonsa ya yi ja saboda iskar titi. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa.

"An ce ka dawo."

"Na dawo."

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa. A jikinsu suka tsallaka da shi."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, sannan ya ce, "Ɗazu na sauke fasinja a Kabuga, na ga mai wankin mota yana goge taya da nawa. Na gane shi, Garba. Ko a ina na ga aikinmu zan gane."

Ban ce masa ai na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo har bakina. Shi ma bai ce in yi haƙuri ba. Ya jingine babur, ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya zauna a wurinsa ya ɗauki icensa. Na yi bisimilla na sauke nawa. Ya sauke nasa a makare. Na sake saukewa, ice ya haɗu da ice har hannuna ya girgiza. Muka tsaya. Muka sake farawa, ya sake makara, na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan gungume.

"Rage hannu mana," in ji shi, bai ɗago ba. "Hannun ya manta."

Tun da na zama mabugi ban taɓa rage wa kowa hannu ba, kuma duk unguwar nan an san ni da haka. Na rage. Muka bi shi a hankali kamar masu koyo, nawa ya sauka, na jira nasa, har mayafin wata tsohuwa da ba mu san sunanta ba ya fara ƙyalli a tsakaninmu.